Takardar da na liƙa a bangon Gwaggo

A shekarun da jiharmu take sabuwa fil, ni ne sakataren yaɗa labarai na ƙungiyar ɗalibanmu a Gusau. Muƙamin ya shige mini kai ƙwarai. Ina da rubutu mai kyau, na kuma san hakan, wanda shi ne babbar matsalata.

Wani tsohon ɗan ƙungiyar da ya zama likitan ido ya aiko mana cewa zai zo da abokan aikinsa su cire wa mutane yanar ido kyauta, kwana biyu tak. Namu aikin shi ne mu kai labari ƙauyuka. Da na ji, Gwaggo ce ta fara faɗo mini a rai, yayar mahaifina da ke ƙauyen Karakkai. Ita ta goye ni. Shekara uku ke nan farin abin nan ya rufe mata ido, ta daina tsintar shinkafa, ta daina saƙar faifai, da murya take gane mu.

Na zauna na tsara sanarwa da manyan baƙaƙe, har da zanen ido a sama. Muka gurza ta a injin makaranta mai juyawa da hannu, tawada har gwiwar hannuna. Aka raba yankuna, ni na ɗauki Bunguɗu, yankin da Karakkai take.

Wata 'yar ajinmu da aka ba Tsafe ta ɗaga takardar ta dube ta, ta ce, "Malam sakatare, wa za ya karanta wagga? Makahin?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce ai suna da 'ya'ya. Ba ta ja ba, ta ɗauki guda biyar kawai ta tafi. Daga baya na ji abin da ta yi. Mai shela ta samu ranar kasuwa, sannan ta bi wanzamai da ungozomomi, ta shiga gidajen suna, ta durƙusa ta gaida tsofaffi ta faɗa musu da baki. A lokacin na raina wannan aiki, na ga babu tsari a cikinsa.

Ni kuwa na ari keke, na ɗaura bokitin gam ɗin garin rogo a baya. Na liƙa a tasha, a bakin masallatai, a jikin bishiyoyin garin Kekun Waje. Da la'asar na isa Karakkai. Na zaɓi bangon zauren Gwaggo, na shafa gam, na daidaita takardar da tafin hannu, har na ja da baya ina kallon kyanta. Ina jin sautin daka daga cikin gida. Na san in na shiga sai an shimfiɗa tabarma, sai an tambayi kowa da kowa na Gusau, ga gam yana bushewa, ga sauran ƙauyuka biyu. Na ce a raina ai ga shi nan a ƙofarsu, na hau keke. Ko kaɗan ban tsaya na tuna cewa a gidan nan kaf babu mai karanta boko ba.

Ranar farko mutanen Tsafe suka zo a motar ɗaukar kaya cike, tsofaffi riƙe da sandunan juna. Daga yankina mutum ƙalilan ne. Ina teburin rubuta sunaye, duk tsohuwar da ta shigo sai na ɗaga kai in ga ko Gwaggo ce. Na ce gobe za ta zo. Washegari layi ya yi tsawo, ban samu kaina ba sai da likitocin suka fara naɗe kaya. A nan na tuna har aka tashi Gwaggo ba ta zo ba.

Bayan kwana uku na je Karakkai. Gwaggo tana zaune a inuwar rumbu. Tun daga sallama ta gane ni.

"Anka ce mani ka zaka garin ga rannan," in ji ta. "Nis sa anka dama hura, har ta yi tsami ba ka shigo ba."

Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta zaro takardar, an ninke ta gida huɗu, busasshen gam da ƙasar bango manne a bayanta.

"Sunka ce kai kal liƙa ta. Nic ce a ciro man ita kar awaki su cinye aikin ɗana."

Ta shafa ta da yatsu, daidai kan zanen idon, ta miƙo ta inda take jin numfashina.

"To, tunda ga ka, karanta man. Mi kar rubuta?"