Fiyus a Kwalin Ashanar Kawu

Jiya fankar injin motata ta ƙi tashi a tsakiyar Dutse. Ina laluben tsumma sai na ci karo da kwalin ashanar Kawu, da fiyus uku a ciki. Har yanzu yana warin baƙin mai.

Kawu, yayan mahaifiyata, mai wayarin mota ne. Kullum cewa yake, "Duba ƙarami kafin ka zargi babba."

Wata rana a hanyar Buji fankar ta yi mini haka, yana gidan gaba, abokan aikina suna baya. Ya ce, "Ɗana, duba fiyus."

Na ce, "Haba Kawu, wannan ba akwalar zamaninku ba ce!" Suka kwashe da dariya.

Na sa aka kawo sabuwar fanka, ita ma shiru. Sannan ya sauko, ya zare fiyus ɗin da ya ƙone, ya sa nasa. Nan take fanka ta ɗauka. Ko kallona bai yi ba, don kada ya kunyata ni.

Na yi ta cewa gobe zan ba shi haƙuri, har muka kai shi makwancinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa ya yafe mini tun a bakin titin nan.