Helman da Ya Karanta Leɓɓan Keziah

Tsoro ya shigi Keziah Duckworth ne wata Juma'a da hantsi, lokacin da ta rufe baki ta ɗago kai, ta hangi sabon helma, mai sa ido kan ma'aikata, tsaye a ƙarshen layi. Ba injinan saƙa yake dubawa ba, leɓɓanta yake kallo.

Tana da shekara tara aka kai ta masaƙar garinsu a Lancashire ta ƙasar Ingila, yanzu tana da arba'in da ɗaya. Daga sharar auduga a ƙarƙashin injina ta fara, har ta kai ga riƙe inji huɗu ita kaɗai. Ƙurar auduga ta cinye ƙirjin mijinta, ta bar ta da 'ya'ya uku. Rugugin injina kuma ya tafi da kunnenta na hagu. A ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai jin ka, don haka da leɓe ake hira: ka wage baki ba sauti, na nesa ya karanta. Da haka ake gulma, da haka ake gayyatar biki. 'Yan ofis ba su iya ba, kowa ya san wannan.

Abin da ta faɗa wa ƙawarta Tabitha, da layi shida tsakaninsu, shi ne: "Lahadi bayan coci, kan tudun bayan gari. Ƙanena Enoch zai yi magana, za a kafa ƙungiyar ma'aikata."

Helman, Mista Ramsbottom, satinsa biyu da zuwa daga wani gari. Kwat yake sawa da takalmin fata, ba na katako irin nasu ba, shi ya sa ta ɗauke shi ɗan ofis. Ya tako har gabanta, ya motsa baki ba sauti, tsaf irin nasu: "Shekara ashirin na yi ina saƙa, baiwar Allah."

Da aka fita cin abincin rana ta sami Enoch a gindin katanga yana cin burodi da kitse. Ta faɗa masa komai.

"Na kashe ka, Enoch. Bakin nan nawa."

Ya yi dariya. "Haba Yaya! Bakin da ya hana ni sakat tun ina rarrafe, yau ne zai kashe ni? Ungo, ci."

"Ba wasa nake ba, ɗan nema. A fasa taron."

"Sau biyu aka rage mana lada bana, Yaya. Ko ya gani ko bai gani ba, sai mun hau tudun nan."

Ranar Lahadi suka hau, mutum wajen ɗari uku. Ranar Litinin tun kafin a tada injina 'yan sanda suka tafi da Enoch da wasu huɗu, wai suna tunzura ma'aikata. Sannan aka bi layi-layi da takarda: duk mai son aikinsa ya sa hannu cewa ba shi ba ƙungiya.

Ramsbottom da kansa ya kawo mata. Ya sunkuyo wajen kunnenta mai ji. "Ja alamarki kawai. 'Ya'ya uku fa gare ki."

Keziah ba ta iya rubutu ba, ɗan gicciye take ja, kuma ba ta taɓa ƙin ja ba duk inda aka nuna mata. Ta daɗe tana kallon takardar. Sai ta juya ta fuskanci ɗakin, ta tsaya inda shi ma zai gani da kyau, ta wage baki: "A tsayar."

Ta ja hannun injinta na farko. Tabitha ta ja nata. Layi bayan layi rugugin ya mutu, har Keziah ta ji ruwan sama yana dukan rufi, abin da ba ta taɓa ji a ɗakin nan ba.

Yau kwana tara ƙofar masaƙa a kulle. Kunun hatsin gidanta sai ƙara ruwa yake, kuma an ce sunanta ya zaga sauran masaƙu, ba mai ɗaukarta. Da safen nan aka kai su Enoch gaban alƙali a babban gari. Mijin Tabitha ya tafi da ƙafa don ya jiyo hukuncin. Keziah tana tsaye a bakin titi, mayafin ulu a ka, ta juya kunnenta na dama wajen hanya. Har yanzu mijin Tabitha bai dawo ba.