Ranar da na zama idon Inna a hanyar Shinkafi

Shekarun baya, lokacin na gama makaranta ina zaman jiran aiki a Kaura, ba abin da ke zaunar da ni wuri ɗaya. In ina gida sai in ji kamar ana rabon aiki a gari, in na fita kuma in ji kamar a gida ake nemana. Waya kullum a hannu, ina dubawa ko ba ta yi ƙara ba.

Ana cikin haka idon mahaifiyata ya fara rufewa. Likita ya gaya mana a fili cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a hankali zai bi. Ana nan sai aka aiko cewa ƙanwata da ke aure a Shinkafi ta haihu. Inna ta kira ni ɗaki.

"Za ka kai ni in ga ɗiyar nan tun ina da sauran ido."

Na ce, "Inna, hanya ba lafiya. Ki bari a yi arba'in su zo."

"Idon nawa ya ce maka zai jira arba'in?"

Washegari da hantsi muka shiga mota.

Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da hakan ke nufi: ba ka ganin mai fitowa sai ya fito. Motar shiru, kowa na motsa baki da addu'a. Ni kuwa ƙafata sai rawa take, in leƙa gaba, in waiwaya baya, ina tsara yadda zan saɓi Inna mu tsere in ta ɓaci. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Sai Inna ta dafa gwiwata. "Kai, ka dame ni da girgiza. Hwaɗa mini, mi kaka gani?"

"Gero ne, Inna."

"Na san gero na, ai ina jin ƙamshinai. Ya hidda kai?"

Na duba. Tun da muka baro Kaura nake ƙura wa geron nan ido, amma ban lura ya fid da kai ba. Zangarniya manya-manya, sun yi bununi, iska na kaɗa su gefe guda kamar sahun masallaci an yi ruku'u. Na gaya mata. Ta ce, "Alhamdulillahi, bana za a sha fura."

Ba mu yi nisa ba muka ji ƙara, tau! Kowa ya duƙa. Matar da ke kusa da Inna, wata Kirista mai sayar da abinci a bakin kasuwar hatsi, ta ƙwala kiran Yesu, mu kuma muna salati. Ashe taya ce ta fashe. Direba ya gangara gefe, kusa da wani rafi, ya ce kowa ya sauka da sauri.

Ni ina ta safa da marwa a bakin titi, ina tambayar direba ko ya kusa, har ya ce, "Malam, ko dai ka riƙe mini taya ko ka riƙe bakinka." Da na juyo, matar nan ta riƙo hannun Inna sun zauna a kan dutse.

"Ruwa nika ji," in ji Inna. "Zo ka gaya mini kalatai."

Na ce ja ne, kamar shayin da aka zuba wa madara kaɗan. Na ce akwai balbelu a tsallake, farare fat, ɗaya ta tsaya da ƙafa guda. Matar ta ce, "Mama, bai faɗa miki furen kabewa ba, ga shi nan rawaya ya hau kan shinge." Inna ta yi dariya ta ce maza ba su iya kallo ba.

Sai ga ƙarar babur daga cikin gona. Nan take direba ya saki abin da ke hannunsa. Wani dattijo ne ya ɓullo, da damin ciyawa a bayansa. Ya yi sallama, ya kama wa direba, da zai tafi ya zuba wa Inna ɗanyar gyaɗa a gefen mayafi. Ita ta ɓare ta raba wa duk motar.

Da azahar muka isa. Inna ba ta ko zauna ba. Ta karɓi jaririyar ta fito da ita bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kawo ta daf da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Goshin babanku na, Allah ya jiƙan shi." Ƙanwata ta juya baya tana share hawaye. Ni ma wai sai na tsinci kaina ina neman abu a aljihu.

Kafin wata daminar idon ya rufe gaba ɗaya.

Ba zan ce muku na zama mai natsuwa ba. Har yau in ina cikin mota ƙafar nan ba ta daina rawa ba, kuma tsoron hanya gaskiya ne, ba wasa ba. Sai dai da can "Alhamdulillahi" a bakina kawai take fita, yanzu kuwa in na faɗa na san abin da nake nufi: wata bishiya, wata fuska, wani hadari da ya taso daga gabas.

Aiki ya kai ni Zurmi, ina dawowa ƙarshen mako. Kwanan baya na shigo a gajiye, na gai da Inna, na ce yau kam ban ga komai a hanya ba. Sai ta ce, "To ba ni idanun, tunda ba ka da aikin yi da su."