Hankicin Yaya Sale

Ranar Laraba ce. Na dama kunu, Inna tana ɗaki saboda ciwon ƙafa. Yaya Sale, babban wana, ya fito da kekensa na ɗinki ƙarƙashin dalbejiya. Tela ne. Tun da aka fara kai hari ƙauyukan bayan Mora, duk ƙyallen da ya rage masa sai ya kalmashe bakinsa ya yi hankici. Kowa a garinmu yana da nasa. Yakan ce a jiƙa shi a rufe hanci in akwai hayaƙi, a tace ruwa da shi, a ɗaure rauni. Har dariya ake yi masa.

Ƙarfe goma muka ji babura. Sai harbi daga wajen kasuwa. Sai ihu.

Maharan ba su daɗe ba. Sun cinna wa layinmu wuta suka wuce gabas. Ni ina bayan rumbu a kwance. Da na ɗago, rufin ɗakin Inna yana ci.

Yaya Sale ya zaro jan hankicinsa, ya tsoma a randa, ya ɗaure fuska. Ya shiga. Ya fito da Inna a goye.

Lokacin ne 'yan sintirin garinmu suka iso a guje. Suka ga mutum da rufaffiyar fuska yana fitowa daga cikin wuta.

"Tsaya nan!"

Na ce, "Sale ne! Tela ne!" Ƙarar wuta ta danne muryata. Buba, ɗaya daga cikinsu, ya harba. Buba, wanda Yaya ya ɗinka wa kayan aurensa.

A cinya ya same shi. Na kwance hankicin fuskarsa na ɗaure sama da raunin, yadda ya koya mana. Bai isa ba. Buba ya durƙusa, ya ciro nasa daga aljihu. Ɗinkin Yaya ne. Muka haɗa biyun, muka murɗa da kara.

Babu mota, babu babur. Muka sa shi a baro. Buba yana turawa, ni ina goye da Inna. Muka bi ta gonakin dawa zuwa Mora. Da azahar Yaya ya nemi ruwa. Na tace masa na kududdufi da nawa hankicin. Kafin la'asar ya daina magana. Muna hango rufin asibiti.

Yanzu muna Garwa, a unguwar Rumde Ajiya, ɗakin haya ɗaya. Mutane suna ce mini maharan ne suka kashe shi. Na gaji da gyara musu.

Keken ɗinkin ya ƙone, gidan ma. Inna tana da rai, har yau tana tari. Ran nan na nemi hankici a kasuwa, duk na kanti ne, ƙanana, ba za su zagaye cinyar mutum ba. Na Yaya guda uku ne a wurina. Biyu ba su wanku ba.