Malam Ishaku, ban dawo da biro ba

Da safen nan ina karyawa 'yarsa Ladi ta kira ni daga Ƙarfi. Malam Ishaku ya rasu. Na ajiye kofin kunu, har yanzu ban koma kansa ba.

Shi ya koya mana kimiyya a sakandare a Malumfashi, farkon shekarun tamanin.

Ban manta ranar da ya shigo aji da tsohon kaset ba. Ya yanki zaren, ya ɗiga masa garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli da ya dama da kananzir, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ɗaya tilo da makarantar ke da shi. Muka yi layi. Da na leƙa sai ga zane-zane a jere kamar kunyoyin gona.

Ya ce, "Waƙar ce kake gani. Maganaɗisu ne ya kwantar da ita a nan."

Tun kafin mu gama makaranta sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Suka kumbura, suka karkace, alli ya riƙa faɗuwa daga hannunsa. Ni kuma, don rashin wayo, na je kasuwar Funtua na sayo masa munduwar maganaɗisu da ake talla wai tana zuƙe ciwo.

Ya juya ta ya ce, "Sani, shekara uku ina koya maka abin nan, ashe da bango nake magana?" Amma ya sa ta ranar, don kada in ji kunya.

Da ya bar aiki, tsofaffin manoma masu irin ciwonsa yake tarawa a zaurensa. Yana nuna musu yadda za su jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin su fita gona, su motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, su naɗe ƙotar fartanya da tsumma ta yi kauri, su huta tun ciwon bai tashi ba. Kullum yana gaya musu ba warkewa ake yi ba, zama da shi ake koya.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar Sallah ne. Ladi ce ke ba shi abinci a baki.

Ya ce, "Duk abin da na koya wa manoman nan yana kaina, hannun ne babu. Ka zo da biro da takarda ka rubuta, kafin in tafi da shi."

Na ce sai an gama girbi, Malam. An gama girbi, an kai masara rumbu, ban je ba. Babu abin da ya hana ni sai ganin kamar yana nan. Wannan abu yana cina.

Abin da na lissafa a sama shi ne iyakar abin da na riƙe. Yanzu haka babban yatsana na zafi ina wannan rubutu, kuma ban san wanda zan tambaya ba.

Duk wanda babansa ya taɓa zama a zauren nan, don Allah ya rubuta min abin da ya ji a ƙasa. Biron yana hannuna yanzu.

Allah ya jiƙan Malam Ishaku, ya sa wahalar hannuwan nan ta zama kankarar zunubi, ya ba Ladi haƙuri. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku roƙa min gafara.