Ɗaki Ɗaya a Agege

Yaji ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Potiskum a shekarun nan ya san shi, don shi ne mai lodi. Kada ku ji lodi ku ɗauka dako ne. Jera shanu a tirela aikin mai kai ne. A shimfiɗa yashi, a juya wannan gabas wancan yamma, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe yadda sa ba zai kwanta ba, ba kuma zai shaƙe ba. In ɗaya ya faɗi a hanya, sauran tattake shi za su yi. Shekara goma sha ɗaya Yaji yana wannan aiki, motar da ya yi wa lodi ba ta taɓa isa Legas da mushe ba. To me ya tara? Keke ɗaya da ciwon baya.

A gidanmu na unguwar Yindiski muke zaune, ni da na dawo bayan rasuwar mijina, shi da matarsa Murjanatu da 'yarsu Jamilatu. Murjanatu tana da farfaɗiya. Yanzu ne nake iya kiran sunan ciwon, a lokacin ko a cikin ɗaki "abin nan" muke cewa. Mutanenmu sun ɗauka ana kamuwa da shi ta yawun mai shi, kuma gidan da aka sani da shi, 'yan matan gidan sai su tsufa ba mai sallama dominsu. Saboda haka muka rufe. Rubutu muke karɓo mata wurin wani malami a Mamudo, nesa da idon unguwa. Ni kuwa aikina sa ido. Da na ga ta ƙura wa wuri ɗaya ido tana motsa baki, sai in janye ta daga murhu, in kwantar da ita a tabarma, in saki labule. Can an jima ta farfaɗo, ta tashi tana sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata. Ba ta zuwa rijiya. Tuwo tana tuƙawa, amma ina zaune a gefe.

Da daminar 1994, wata Laraba bayan an tashi kasuwa, Alhaji Babaji ya kira Yaji. Shi ne falken da Yaji ya fi yi wa lodi. Wakilinsa na Legas ya tsufa ya dawo gida, yana son Yaji ya je ya zauna a Agege, ya riƙa karɓar shanu yana sayarwa. Daga ɗaure ƙaho zuwa wakilin Alhaji! Ya ba shi mako biyu ya yi shawara.

Ni har na fara guɗa, sai na ga fuskarsa ba murna.

"Yaya, garin nan ba irin namu ba ne," in ji shi. "Direbobi sun ce ruwan wanka ma saye ake yi. Sai ka biya hayar shekara biyu kafin a miƙo maka mabuɗi. Abin da zan samu da farko, ɗaki ɗaya zai kama, shi ma ƙarami. Ba inda zan sa ki."

"Wa ya ce maka zuwa zan yi? Ka bar Murjanatu a nan wurina."

Ashe Murjanatu tana ji. Yarinyar da ba ta ɗaga murya, ranar ta fito ta durƙusa a gabana. "Yaya, shekara bakwai ina bayan labule. Biki ba na zuwa, suna ba na zuwa. Can ba wanda ya san ni. Kuma wata biyar ke nan abin bai zo ba." Ta fashe da kuka. Wallahi ta ba ni tausayi.

Yaji ya yi mako guda yana juya maganar, abinci ma tsakura yake yi. Daga baya ya ce ya yanke, zai je ya ba Alhaji haƙuri. In ya tafi da ita ba mai duba ta, in ya bar ta ya karya mata zuciya, gara ya zauna.

Nan na tashi masa. Ina da baki, kowa a Yindiski ya sani. Na ce to zauna, ka mutu a ƙarƙashin saniya! Na tuna masa da tsohon da ya koya masa lodi, wanda bijimi ya matse a jikin mota, yanzu sai an ɗaga shi yake zama. Na ce Allah ya buɗe maka ƙofa kana tsaye kana sosa ƙeya, wani can zai shige. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa namiji a gaban matarsa. Kwana uku ban bar shi ya sha iska ba.

A rana ta huɗu ya ce, "To Yaya, zan je da ita. Amma da mun sauka zan gaya wa maƙwabta, ko za su riƙa leƙa ta."

"Kul!" na ce. "Ka haukace? Agege cike take da mutanen Potiskum. Abin da ka faɗa can ranar Juma'a, kafin Laraba direbobi sun sauke shi a nan. Wa zai auri Jamilatu?"

Sai da na sa ya rantse. Sannan na ba shi dabara. Na ce kada ya bari ta yi girki a madafar gidan haya inda kowa ke gani. Ya saya mata risho, ta riƙa yi a cikin ɗaki, ta sa sakata. Wannan dabarar tawa ce, ba ta kowa ba, kuma ranar har daɗi na ji wai na iya shawara.

Da kaka suka tafi a gaban tirela, suka bar mini Jamilatu. Aiki ya karɓe shi. Alhaji yana ta yabo a kasuwa. Direbobi suna kawo mini sabulu da atamfa, ni kuma ina zagaya unguwa ina nunawa. Haka muka yi wata bakwai.

Wata rana da hantsi wani direba ya yi sallama, na ce ya shigo, ya ƙi wuce zaure. Murjanatu ta rasu. Da rana tsaka abin ya zo mata, Yaji yana kasuwa. Ta faɗa kan risho, kananzir ya malale a zanenta, ƙofa kuma a kulle ta ciki. Kwana huɗu ta yi a asibiti. A can aka binne ta, cikin mutanen da ba su san ko sunan ubanta ba. Har yau ban ga kabarinta ba.

Bayan sadakar arba'in Yaji ya dawo, ya mayar wa Alhaji aikinsa, ya koma lodi. Ya fi wata bai ce mini komai a kan abin ba, sai gaisuwa. Wata la'asar ina tsince shinkafa ya zo ya zauna a kan turmi.

Ya ce matar da ɗakinta ke manne da nasu, wata Bayarabiya, nas ce. Aikin yamma take yi, kullum da rana tana gida. Ita ta ji ƙauri, ita ta fasa ƙofar da taɓarya, ita ta kai ta asibiti. Da likita ya matsa da tambaya, Yaji ya faɗi ciwon, matar tana tsaye. Ta cafke masa riga tana kuka. Ta ce ciwon nan ba a ɗaukarsa a yawu. Akwai ƙwayarsa, 'yar ƙarama, ɗaya ake sha a rana, ba ta kai kuɗin goro ba. Ta ce wata bakwai bango kawai ke tsakaninsu, da ta sani da tabarmarta za ta riƙa kawowa ta zauna har a sauke tukunya. Sai maimaitawa take, me ya sa bai gaya mata ba?

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafar. Na ce, "Me ka ce mata?"

Jira nake ya kira sunana. Wallahi so nake ya kira.

"Na ce mata haka muke yi a gida," in ji shi. Ya tashi ya ɗauki buta.

Har yau bai taɓa cewa ni ce ba. Da ma ya faɗa.