Maganar Kawu da Shafin Ya Haɗiye

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma ranar da muka je ɗaukar maganar kawuna a wani ƙauye na tudun Keita, ita kam tana tare da ni har in koma ga Allah.

Kawu shi ne na ƙarshe a dangin mahaifiyata da ya san tarihin kakanninmu tun kafin su karɓi Musulunci: sunayensu, inda suka fara sauka, kirarin kowace rijiya da kowane dutse. Ya daɗe da riƙe sallarsa, ba ya ma son a tada zancen. Na yi ta roƙonsa har ya yarda, amma da sharaɗi. Ba za a ɗauki muryarsa ba, kada bayan ransa a ji shi yana ambaton abin da ya tuba ya bari. Kuma sau guda zai faɗa, daga nan bakinsa ya rufe. Na riƙe masa Alƙur'ani, ya dafa ya rantse a kan haka.

Ni da ajami na saba, hannuna kuma ba ya sauri. Shi ya sa na ɗauko ƙanena, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, da kwamfutarsa. Akwai wata ƙungiya mai tara tarihin ƙauyukan yankinmu na Adar, tana da shafi a intanet inda ake rubutu kai tsaye. Ƙanena ya nuna mini wata 'yar koriyar alama a gefe.

"Yaya, in dai ka ga wannan, an ajiye ke nan. Da kansa yake aikawa. Kai dai yi ta tambaya."

Kawu ya leƙa, ya yi dariya. "Malam, kai da ka sha wankin allo, yau ga madubin nasara kaka dogara?"

Da hantsi ya ba mu abin da kowa ya sani, yunwar da aka yi, shekarar fara, zuwan masu dasa itatuwa. Da rana ta take ya ce, "Saura mai nauyi na. Sai na yi azahar." Muka bar kwamfutar a buɗe ƙarƙashin rumfa, muka tafi masallaci. Aka kawo fura. Tsohon ya kishingiɗa, barci ya ɗauke shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin tashinsa.

Da ya farka ya zauna, ya lumshe ido, ya fara. Muryarsa ta sauya. Sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kirarinsa, wasu kalmomin ban taɓa jinsu ba duk tsufana. Gashin jikina ya tashi. Ƙanena yana bugawa, koriyar alamar tana ƙyaftawa, ni kuwa duk sanda na dube ta sai in ce alhamdu lillahi. Bayan la'asar kawu ya tofar da yawu, ya yi istigfari, ya ce, "Shi ke nan. Na sauke."

Ƙanena ya danna wurin kammalawa. Shafin ya yi fari, ya nemi lambar sirri. Ya shigar. Rubutun hantsi yana nan. Na bayan azahar babu ko harafi.

Ya duba nan, ya duba can, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na durƙusa gaban kawu.

"Kawu, don Allah, ko sunayen kaɗai."

Ya dube ni, idonsa ya cika. "Ɗan nan, kai malami na. Kai ka riƙe mani Littafin. Yanzu kai za ka ce in karya?"

Na miƙe na koma wurin ƙanena.

Daga baya wani masanin aikin ya bayyana mana. Shafin yana da wa'adi. In aka bar shi ya jima ba a taɓa ba, ƙofarsa takan rufe. Muna masallaci ta rufe. Shi kuwa ya ci gaba da aika rubutun a ɓoye, can ana mayar masa da amsar cewa ba a san mai aikowa ba, sai ya ɗauki amsar a matsayin karɓa, ya kunna mana kore. Da an gina shi ya tsaya ya faɗa mana, da ba mu bar tsohon ya buɗe baki ba.

Ni da ƙanena mun zauna mun haɗa abin da muka tuna. Guntaye ne. Ba mu san wa ya haifi wa ba, kirarin kuwa ya bi iska. Kawu ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa, bai sake ambaton ko suna guda ba.

Abin da na koya shi ne, na'ura takan ce ta karɓa alhali an rufe mata ƙofa. In ka tashi ka dawo, sake shiga, ka tabbatar da idonka, kafin ka damƙa mata abin da ba ka da madadinsa. Na koya, amma a makare. Yau in jikokina suka tambaye ni daga ina muka fito, sai in nuna musu tudu da hannu.